Tarihi Ne Ko Tatsuniya? A Kan Me Bangaskiyar Kirista Take Tsaye

Shugaban taro, Baba Rabaran, shugaban wannan makaranta da malamanta, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata 'yan zumunta, ɗalibai, waɗanda dominku aka shirya wannan zama, da maƙwabtanmu Musulmi da na hango a kujerun gaba, waɗanda suka amsa gayyata suka zo: ina gaishe ku baki ɗaya.  

Tambaya ɗaya aka ba ni. Shin bangaskiyar Kirista tana dogara ne ga abin da ya faru da gaske, ko kuwa za ta iya tsayuwa ko da labarinta almara ce mai ɗauke da darasi? Ba zan ɓoye muku inda na tsaya ba. Ni mai bi ne, kuma na yarda akwai abubuwa ƙalilan waɗanda in ba su faru ba, to tafiyarmu ta zama wahalar banza. Amma ina ganin mun cuci 'ya'yanmu da muka kasa nuna musu waɗanne ne waɗannan abubuwan. Zan bi maganar gaɓa biyar.

1. Muryoyi biyu na kakata

Kakata tana da murya biyu. Bayan cin tuwon dare, in mun kewaye ta a kan tabarma, sai ta ce "ga ta nan ga ta nanku", mu amsa "ta zo mu ji ta". Daga nan Gizo ya yi magana, kura ta je kasuwa, Ƙoƙi ta yi yaji. Ba wanda ya taɓa tambayarta a wace shekara aka yi haka, ko wane sarki ne a kan gado. Da wani ya tambaya, dariya za mu yi masa. Duk da haka ba ƙarya take koya mana ba. A bakinta muka fara sanin inda kwaɗayi yake kai mutum.

Amma ranar da rigimar iyakar gona ta taso, aka kira ta gaban mai unguwa, sai na ji wata murya dabam. Ta faɗi shekarar da aka sare kukar da ke kan iyaka, ta ce damina biyu ne bayan farin ɗango. Ta ambaci waɗanda suke wurin, ta nuna biyu da suke da rai, ta ce a aika a kira su. Wannan murya ta shaida ce. In aka bincika aka tarar ba haka ba ne, gona ta tafi, mutuncinta ma ya bi ta.

Akwai kuma labari na uku da ke tsakanin biyun. Ku ɗauki labarin Bayajidda. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, kowa zai iya zuwa ya leƙa. Masana tarihi kuwa suna ta ja-in-ja a kan mutumin kansa. To, a ce gobe an tabbatar ba a taɓa yin wani Bayajidda ba, Daura za ta rushe? Zumuncin Kano da Katsina da Zazzau zai yanke? Ko kusa. Labarin ya riga ya yi aikinsa na ɗaure Hausa Bakwai wuri guda, kuma aikin bai rataya a kan ko an sare kan macijiya ba.

Ga tambayarmu ke nan a fili. Labarin Yesu da wace murya aka ba da shi? In kabarin bai zama fanko ba, ikilisiya za ta ci gaba da tsayuwa kamar yadda Daura take tsaye?

2. Inda muhawarar ta samo asali

A Jamus aka fi dafa wannan tambaya. Tsakanin 1774 da 1778, Lessing ya buga wasu rubuce-rubucen wani malami mai suna Reimarus bayan rasuwar malamin, inda shi Reimarus ya zargi almajiran Yesu da sace gawa da ƙaga labarin tashi. Shi Lessing kansa ya kawo damuwar da ta fi wannan zurfi. Ya ce tsakanin abin da aka ce ya faru a dā da gaskiyar da mutum zai ɗora ransa a kanta akwai wani ƙaton rami, kuma shi ya kasa tsallake shi.

A 1835 sai David Strauss, saurayi ɗan shekara 27, ya fitar da littafi a kan rayuwar Yesu. Bai ce almajirai maƙaryata ba ne. Cewa ya yi mutane ne da suka ƙaunaci malaminsu, suka tufatar da shi da labaran Tsohon Alkawari, har mu'ujizai suka tsiro a bakin jama'a ba tare da wani ya shirya yaudara ba. Littafin ya ci masa aikinsa a Tubingen.

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Rudolf Bultmann na Marburg, domin shi mai wa'azi ne, kuma ceton bangaskiya yake nema. A laccarsa ta 1941 ya ce marubutan Sabon Alkawari suna ganin duniya kamar bene mai hawa uku: sama, ƙasa da ƙarƙashin ƙasa, cike da mala'iku da aljanu. Ya ce mutumin da ke kunna wutar lantarki, yana sauraron rediyo, yana zuwa asibiti, ba zai iya komawa cikin wannan duniyar ba. Don haka a ɓare ɓawon almara a riƙe ƙwayar saƙon, wato kiran da Allah yake yi wa mutum yau ya bar dogara ga kansa. Ya yarda Yesu ya rayu, an kuma gicciye shi. Tashi kuwa, a wurinsa, ba abin da ya sami gawa ba ne. Bangaskiya ce ta tashi a zukatan almajirai, Yesu yana raye cikin wa'azi.

Ina girmama niyyarsa. Amma ku duba mutumin zamanin da yake magana a kai. A ƙasar nan mutum yana riƙe da wayar salula, ya yi digiri biyu, kuma bai taɓa shakkar akwai iskoki ba. Abin da Bultmann ya ɗauka halin ɗan Adam ne na zamani, halin jami'o'in Turai ne na zamaninsa. Ɗalibinsa ma, Ernst Käsemann, ya tashi a 1953 ya ce wa 'yan ajinsu a koma ga Yesun tarihi, domin Almasihun da aka yanke daga mutumin Nazarat, kowa zai sassaƙa shi yadda ransa yake so.

3. Da wace murya Kiristocin farko suka yi magana?

Ku buɗe Luka sura 3 in kun koma gida. Kafin ya ce komai a kan wa'azin Yahaya Mai Baftisma, sai da ya jera shekara ta goma sha biyar ta mulkin Kaisar Tibariyas, da Bilatus a Yahudiya, da Hirudus a Galili, da Filibus, da Lisaniyas, da Hanana da Kayafa. Mai tatsuniya ba ya buɗe baki haka. Wannan muryar kakata ce a gaban mai unguwa.

Bulus ya fi Luka zafi. A wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa, sura 15, wadda ya rubuta wajen shekara ta 54, ya ce abin da ya miƙa musu shi ma karɓa ya yi: mutuwar Almasihu, binne shi, tashinsa, da bayyanarsa ga Bitrus, ga sha biyun, ga mutane fiye da 500 waɗanda yawancinsu suna da rai a lokacin, ga Yakubu, sannan ga shi kansa. A wasiƙar Galatiyawa kuma ya faɗi cewa bayan shekara uku da tubansa ya je Urushalima, ya yi kwana 15 wurin Bitrus, ya ga Yakubu ɗan'uwan Ubangiji. 'Yan'uwanmu Musulmi da ke nan sun fi kowa gane abin da yake yi, domin malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan wannan tambaya: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa? Isnadinsa Bulus yake bayarwa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce musu ƙarara in tashin bai auku ba, wa'azinsa da bangaskiyarsu duka wofi ne, shi da abokansa sun zama masu shaidar zur a kan Allah, kuma ba wanda ya kai Kirista zama abin tausayi. Kun ga mutumin da ya bar wa kansa ƙofar baya? Bai ce ai darasin yana da kyau ko da abin bai faru ba. Da hannunsa ya toshe wannan ƙofa.

Har yau, a Shaidar Bangaskiya da muke karantawa a sujada, sunayen mutane uku ne kawai: Yesu, Maryamu, da Bilatus. Me gwamnan Romawa, azzalumi, yake yi a cikin addu'armu? Turke ne. An kafa shi ne domin a ɗaure labarin a wani gari, a wata shekara, kada ya tsinke ya koma zamanin Gizo.

4. Abin da tarihi zai iya ba mu, da inda ƙafarsa ta tsaya

Mu fara da abin da ba jayayya sosai. Tasitus, marubucin Roma wanda ya tsani Kiristoci, ya rubuta wajen shekara ta 116 a kan gobarar Roma ta 64, da yadda Nero ya ɗora wa Kiristoci laifi. A ciki ya ce sunansu ya samo asali daga Kiristi, wanda Bilatus ya kashe a zamanin Tibariyas. Yosefus, Bayahude, wajen shekara ta 93, ya ba da labarin jifan Yakubu a shekara ta 62, ya kuma bayyana shi da cewa ɗan'uwan Yesu ne da ake kira Almasihu. Akwai wani wuri a littafin nasa da ya yi doguwar magana a kan Yesu, amma masana sun ga alamar hannun Kiristoci masu kwafi a ciki, don haka ba na jingina da shi, ku ma kada ku jingina.

Ƙasa ma ta yi magana. A 1961 an tono dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus da muƙaminsa. Ya mulki Yahudiya daga 26 zuwa 36. A 1968, a Urushalima, an sami ƙashin diddigen wani mutum da aka gicciye, ƙusar tana cikinsa, an kuma binne shi a kabarin dangi. Wannan ya nuna wanda aka gicciye yana iya samun kabari. Wani rubutu a Delfi ta ƙasar Girka ya sa mun san Galiyo yana mulkin Akaya wajen 51 zuwa 52, kuma gabansa aka kai Bulus a Ayyukan Manzanni sura 18. Shi ya sa masu cewa ba a taɓa yin Yesu ba, tun daga Arthur Drews a 1909 har zuwa waɗanda kuke gani a intanet, ba su da kasuwa a wurin masana. Bart Ehrman na Amurka, wanda ya bar bangaskiya, ya rubuta littafi guda a 2012 yana rushe da'awarsu.

A nan dole in juyo gare ku, maƙwabtanmu. Ku da mu ba mu da saɓani a kan cewa Annabi Isa ɗan Maryamu mutum ne da ya taka ƙasa. Inda muka rabu shi ne gicciye, domin Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 157, ya kore shi. Ba zan shafa wa wannan bambanci mai ba. Amma ku lura da irinsa: gardama ce a kan abin da ya faru ranar wata Juma'a. Ba ku ce almara ce ba, mu ma ba mu ce ba. Dukanmu mun ɗauki tarihi da muhimmanci, kuma wannan ya fi mini sauƙin zama da wanda zai ce mini ba kome ko ya faru ko bai faru ba.

To, tashin fa? Ga abin da masanin tarihi zai iya sa hannu a kai. Ba da daɗewa da gicciyen ba, wasu Yahudawa da suka watse don tsoro suka dawo cikin garin da aka kashe malaminsu suna cewa sun gan shi da rai. Cikinsu har da ɗan'uwansa, wanda Bishara ta nuna bai gaskata da shi ba a dā, da kuma Bulus mai tsananta musu. Labaran Bishara huɗu duka sun sa mata a farkon masu zuwa kabari, a zamanin da Yosefus ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mace. Selsus, mai sukar Kiristanci a ƙarni na biyu, da wannan ya yi musu ba'a. Mai ƙaga labari don a yarda da shi zai zaɓi shaidun da kotu ba ta ji? Sannan ku tuna Romawa sun kashe wasu da aka ɗora wa begen Almasihu. Bar Kokba ya mutu a 135, tafiyarsa ta mutu tare da shi. Ba wanda ya ce ya tashi.

Amma in na ce muku wannan ya gama magana, na yaudare ku. Gerd Lüdemann a 1994 ya dubi waɗannan shaidu ya ce wahayi ne da baƙin ciki da nadama suka haifar. N. T. Wright a 2003 ya dube su ya ce ba abin da ya bayyana su kamar tashi na jiki. Dukansu sun iya Girkanci, dukansu sun karanta takardu iri ɗaya. Abin da ya raba su tun kafin su buɗe littafi ne: akwai Allahn da yake sa hannu a duniya, ko babu? Tebur ɗin masanin tarihi ba ya yanke wannan hukunci. Zai raka ka har bakin kabari, ya nuna maka dutse a gefe da mutanen da suka yarda a yanka su a kan abin da suka ce sun gani. Daga nan sai ya tsaya. Ramin Lessing yana nan, amma bai kai faɗin da ya zata ba, kuma ba a cikin duhu ake tsallake shi ba. Ko auren da kuka yi, da hujja kuka shiga, amma ba hujja ce ta ɗaura shi ba.

5. Ginshiƙi da zanko

Yanzu ga laifinmu mu masu wa'azi.

Wata Kirsimeti wani yaro da na koyar a makarantar Lahadi ya dawo hutu daga jami'a. Bayan sujada ya same ni a gindin darbejiya, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi tashi. Ya ce, "Baba, na daina cin jibin Ubangiji." Na ce me ya faru? Ya ce ya karanta cewa Sarki Hirudus ya mutu shekara 4 kafin lissafin miladiyya, ƙidayar Kiriniyas kuwa da Yosefus ya ambata a shekara ta 6 aka yi ta, alhali Matiyu ya sa haihuwar Yesu a zamanin Hirudus, Luka kuma ya haɗa ta da ƙidayar. Kusan shekara goma ke nan a tsakani. Ya ce, "An koya mana in aya ɗaya ta karkace duka sun zube. To ga ɗaya." Idanunsa sun yi ja. Ba taurin kai ya kawo mini ba, makoki ya kawo.

Wa ya koya masa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai? Mu ne. Matsalar Kiriniyas gaskiya ce, masana sun kawo amsoshi iri-iri, ba kuwa wadda ta gamsar da kowa. Gaskiya ne kuma ayoyi 12 na ƙarshen Markus ba sa cikin tsofaffin kwafi biyu mafi daraja na ƙarni na huɗu. Binciken Kathleen Kenyon a Yariko tsakanin 1952 da 1958 ya jawo tambayoyi masu nauyi a kan lokacin faɗuwar ganuwar. Fastocinmu sun karanta duk wannan a aji, suka hau bagade suka yi shiru, har yaro ya je ya ji daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa.

Kun san ginin soro. Akwai ginshiƙi da bakan gizo masu ɗauke da azara, akwai zanko a saman katanga, akwai zane a fuskar zaure. Duka na gidan ne, duka magini ya yi su da nufi. Amma in damina ta ɓantare zanko, gyara ake yi. In ginshiƙi ya tafi, fita ake yi da gudu. Mutuwar Yesu da tashinsa su ne ginshiƙi. Ranar da aka yi ƙidaya ba ita ce ke ɗauke da rufin ba.

Kuma Littafi Mai Tsarki ba da murya ɗaya ya yi magana ba. A ciki akwai waƙa, akwai doka, akwai wasiƙa, akwai karin magana, akwai misali. Wa ya taɓa zuwa hanyar Yariko neman rasit ɗin masaukin Basamariye mai kirki? Yesu da kansa ya koyar da labaran da ba tarihi ba ne, ba kuwa wanda ya kira shi maƙaryaci. Wannan fahimta ba daga Jamus ta zo ba, a Afirka aka rubuta ta. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na uku, ya tambaya yadda za a yi safiya da maraice na kwana uku alhali ba a halicci rana ba sai a kwana na huɗu, ya ce lallai marubucin Farawa wani abu mai zurfi yake nufi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya gargaɗi Kiristoci kada su yi ta shirme a kan taurari da ƙasa da sunan Nassi a gaban masu ilimi, don kada a raina Nassin a inda yake maganar rai madawwami. Mutanen nan biyu ba su taɓa sassautawa a kan tashin Almasihu ba. Sun san ginshiƙi, sun san zanko.

Ban ce almara abar ƙyama ce ba. C. S. Lewis, malamin adabi a Oxford, ya daɗe yana ƙin Kiristanci don yana ganin kamarsa da tsofaffin labaran allolin da ke mutuwa su dawo. A watan Satumba na 1931, bayan doguwar hira cikin dare da abokinsa Tolkien, ya gane cewa labarin Almasihu yana taɓa zuciya kamar waɗancan, sai dai shi yana da gari da gwamna da shekara. Ƙishin da ke cikin tatsuniyoyin mutane gaskiya ne. Abin da muke shela shi ne an haƙa rijiyar.

Ga dalilin da ya sa ba zan iya bin Bultmann ba. Na tsaya a bakin kabari fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na ga gwauruwa ta ɗebi ƙasa da hannunta ta zuba a kan akwatin mijinta, 'ya'ya huɗu suna riƙe da zanenta. In ta ɗago ta ce, "Fasto, zan sāke ganinsa?", ba tana tambayata ma'anar wata alama ba ce. Mutuwar da ta ɗauke mata miji ba misali ba ce. An wanke gawa, an haƙa rami. In tashin Yesu a zukatan almajirai kawai ya faru, to mijinta ma a zuciyarta kawai zai tashi, kuma ya kamata in sami ƙarfin halin gaya mata haka. Ina ce mata za ta gan shi ne domin na gaskata wani kabari a bayan Urushalima ya zama fanko a zamanin Bilatus.

Ɗalibai, roƙona gare ku ke nan. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake cikin harshen Hausa, mutanenmu suna karanta shi da kansu, 'ya'yansu kuma suna karanta masu sukarsa a waya. In kun fita aiki, ku faɗa wa matasa maganar Kiriniyas da ƙarshen Markus da bakinku, a ajin baftisma, kafin wani ya riga ku. Ku kuma faɗa musu maganar Tasitus da mutum 500 na Bulus. Yaron nan na gindin darbejiya mun yi wata uku muna karanta Luka tare, aya aya. Ya dawo teburin Ubangiji ranar Ista, tambayarsa a kan ƙidaya kuwa tana nan har yau.

  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mai gyara ma ya ɗaga, kuma ina roƙon a fara ba ɗaliban da ke kujerun baya dama.